Tambayoyi da Amsoshi Kan Yin Kiɗa da Gyare, Kwaɗi da Sauran Dabbobi a Birnin Kano

Tun da na fara yawo da na'urar ɗaukar sauti a lungunan Kano, daga gindin Dala zuwa bakin 'yan kududdufan da gine-gine ba su cinye ba tukuna, mutane suke tare ni da tambayoyi, wasu cikin zolaya, wasu kuma da niyyar su gwada abin da kansu. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su a nan gwargwadon abin da na karanta da abin da kunnena ya ji.

Malam, me ake nufi da yin kiɗa da ƙwari da dabbobi? Koya musu kiɗa ake yi?

Ba a koya musu komai. Hanyoyin da masu wannan harka suke bi ba su wuce uku ba. Akwai wanda yake ɗaukar kukan dabba a na'ura, ya koma ɗaki ya yanka shi, ya rage masa sauri ko ya jera shi bisa wani tsari har ya zama abin saurare. Akwai wanda yake ɗaukar sarewarsa ko kalangunsa ya je inda dabbar take, ya saurare ta, sannan ya riƙa ba ta amsa a cikin giɓin da ta bari. Na ukun kuwa kayan kiɗa yake ajiyewa a wurin da dabbar ta saba kaiwa da komowa, domin sauti ya fita daga cin abincinta ko tafiyarta ba tare da ta san ana wani shiri ba. A duk hanyoyin nan dabbar ce ke riƙe da lokaci, makaɗi kuwa ɗan amshi ne, kuma wanda bai yarda da wannan matsayi ba zai sha ɓacin rai tun daren farko.

Wannan ba wani sabon shirme ne da aka kwaso daga Turai ba?

Abin ya girmi kakanninmu na kusa. A 1889 wani yaro Bajamushe ɗan shekara takwas mai suna Ludwig Koch ya ɗauki kukan wani tsuntsun keji a na'urar da mahaifinsa ya ba shi, kuma ita ce ɗaukar kukan tsuntsu mafi daɗewa da aka sani. A 1924 mai tsara kiɗa Ottorino Respighi na Italiya ya sa a kunna faifan garmaho mai kukan tsuntsu a tsakiyar kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa. Olivier Messiaen na Faransa kuwa shekaru ya yi yana shiga daji da takarda da fensir yana rubuta kukan tsuntsaye da alamomin kiɗa, sannan ya mayar da su kan fiyano. A 1970 masanin halittu Roger Payne ya fitar da faifai wanda babu komai a cikinsa sai waƙar manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel, faifan ya karɓu ƙwarai, ya kuma ƙarfafa masu neman a daina farautarsu. Har kumbunan Voyager guda biyu da Amurka ta harba a 1977 suna ɗauke da faifai mai kukan gyare da kwaɗi da giwa da kura, wato kurar da ake ba yara tsoro da ita a tatsuniya ta riga mu fita daga duniyar nan.

Mu ma ba baƙi ba ne a wurin. Goge da izgar doki ake yi masa tsirkiya, a rufe ƙoƙonsa da fatar guza. Mafarauta sun iya kwaikwayon kukan abin da suke nema. Mutanen da suka ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa, ai sun daɗe da kasa kunne ga abin da dabba take faɗa. Abin da ya ƙaru a yanzu shi ne na'ura mai araha da take ba mutum damar adana jawabin, ya sake jin sa a nutse.

Me ya sa kullum gyare kake fara ambata?

Domin shi ne makaɗin da kowane gida a Kano yake da shi kyauta, a bayan randa ko a gindin bango. Namiji ne kaɗai yake kuka, kuma ba da baki yake yi ba. A jikin fiffikensa ɗaya akwai layin ƙananan haƙora kamar na zarto, a ɗayan kuma akwai wani gefe mai kaifi, sai ya ɗaga su ya riƙa goga su da juna. Kunnuwansa kuwa a ƙafafunsa na gaba suke. Muryar gyaren fili tana girgiza iska kimanin sau 4,000 zuwa 5,000 a sakan ɗaya, shi ya sa take da tsini a kunne. Idan ka ɗauke ta ka rage mata sauri da rabi a kwamfuta, sai ta yi kauri, idan ka yi hakan sau uku sai ta sauko zuwa kusan 600, daidai inda muryar zabiya take iya kaiwa. A nan ne mutum yake gane cewa abin da ya ɗauka ƙara ɗaya ce miƙaƙƙiya ashe 'yan gajerun bugu ne a jere, uku ko huɗu, sannan a numfasa.

Wani abin da ya fi burge ni shi ne gyare agogon zafi ne. Jikinsa yana bin zafin wurin da yake, don haka idan gari ya yi ɗumi sai ya ƙara sauri, idan ya yi sanyi sai ya lafa. Wani masani Ba'amurke, Amos Dolbear, ya yi rubutu a kan haka a 1897, kuma daga bayaninsa aka fitar da sauƙaƙƙen lissafin da ake koya wa yara a can, cewa a ƙirga kukan da gyare ya yi a sakan 14 a ƙara 40, sai a sami zafin gari a ma'aunin Farenhait. Lissafin na wani gyaren bishiya ne na Amurka, kada a ɗora shi a kan namu, amma ƙa'idar tana nan. Ga dabarar da nake ba masu farawa: a ɗauki minti ɗaya na kukan gyare guda bayan magariba, a sake ɗauka da ƙarfe goma sha biyu, a sake kafin asuba, sannan a jera su. Za a sami kiɗa mai sassa uku wanda yake sassautawa da kansa, ba tare da an taɓa shi ba, domin daren ne ya tsara shi.

Kwaɗi fa? Ai hayaniya ce kawai.

Daga nesa ne take zama hayaniya. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi zuba a Kano, na taɓa zama a bakin wani kududdufi a bayan unguwarmu da misalin ƙarfe biyu na dare, ina riƙe da waya a cikin safa don kada iska ta ɓata ɗauka. Da na iso duk suka yi tsit kamar an kashe rediyo. Na zauna a kan wani fasasshen bulo, sauro yana ta aikinsa a idon sawuna, ban motsa ba har kusan minti goma. Sai wani guda daga cikin ciyawar hagu ya yi gurnani sau ɗaya, mai kauri kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Aka yi shiru. Ya sake. Daga can tsallake wani ya amsa, amma bai hau kan muryar na farkon ba, sai da ya bari ya sauke sannan ya shiga. Kafin minti biyu wurin ya cika, manya suna ƙasa, wasu ƙanana kuma masu murya kamar ana buga kwalba da cokali suna can sama, gyare yana birbishinsu duka.

Wannan rabon wuri da suke yi sananne ne. Mazan kwaɗi da yawa suna kauce wa haɗa murya da maƙwabci don mace ta bambance mai kira, kuma Bernie Krause, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar sautin dazuzzuka, ya yi bayanin cewa a wurin da ba a lalata ba kowace halitta tana kama nata matakin murya ko nata lokacin. Ga makaɗin kalangu wannan dama ce babba, tun da kalangu yana hawa yana sauka idan an matse tsirkiyarsa a hammata, yana iya kwaikwayon gurnanin. Shawarata ita ce ya buga a hankali, sau ɗaya ko biyu a cikin giɓi, ya jira. Wani lokaci za su amsa, wani lokaci su yi masa shiru na tsawon da zai ji kunya. Dukansu a bar su a cikin ɗaukar.

Da gaske ne sauro yana waƙar aure?

Kusan haka ne. Ƙarar sauro daga bugun fiffike take fita. Masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun nuna a 2009 cewa a irin sauron da ke yaɗa shawara, mace tana buga fiffike kimanin sau 400 a sakan, namiji kimanin 600, idan suka kusanci juna kuma sai kowanne ya daidaita nasa har amonsu ya haɗu a wajen 1,200. Mai son gwadawa ya rataye makirufo a wajen gidan sauro, shi kuma ya kwanta a ciki. Kada wani ya tara ruwa a gwangwani da sunan kiwon makaɗa, domin zazzaɓin cizon sauro bai san fasaha ba.

Ƙudan zuma kuma?

Amya tana da wani amo mai daɗi da ba ya yankewa, wanda ya dace a shimfiɗa a ƙarƙashin goge ko sarewa. Sai dai zumar ƙasarmu faɗa gare ta, kuma girgiza da ƙara suna tunzura ta. Ba aikin cikin birni ba ne. A bi mai kiwon zuma zuwa gonarsa, a bar shi ya sa na'urar da hannunsa, a bar kayan kiɗan a gida.

Yaya za a sa tsuntsu ko kaza su kaɗa abin kiɗa da kansu?

Wani Bafaranshe mai suna Céleste Boursier-Mougenot ya yi abin da ya ja hankalin jama'a a cibiyar Barbican ta Landan a 2010. Ya kwantar da gitoci masu lantarki a kan sanduna a cikin wani babban ɗaki, ya saki ƙananan tsuntsaye 40, sai ya zama duk wanda ya sauka a kan tsirkiya, ko ya goga bakinsa, ko ya ja tsinke zai yi sheƙa, lasifika ta amsa. Ba a horar da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na yi ƙoƙarin yin namu na gida da kajin tsakar gidanmu. Na sayo ƙore bakwai masu girma daban-daban, na kife su kamar yadda mata suke yi a kiɗan ƙwarya, na barbaɗa gero a kai, na koma gefe da na'ura ina jin kaina. Abin da ban lissafa ba shi ne bayan ƙwarya santsi gare shi, geron duk ya gangare ƙasa, kajin suka tsince shi a turɓaya ba tare da baki ko ɗaya ya taɓa ƙwarya ba, zakara kuma ya haye babbar ya kifar da ita a kan kwata. Mai ɗakina ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, in ka gama da makaɗan naka ina son ƙaramar ƙwaryar, zan dama fura." Washegari na gyara. Na ɗora ƙoren a buɗe a kan gammo don su sami sararin amsawa, na haɗa da langa da tasa da murfin tukunya, na zuba tsaba kaɗan-kaɗan a kowanne. Abin da ya fito ya fi ƙarfin tsammanina. Kaza tana sara uku ko huɗu a jere ta ɗaga kai, 'yan tsaki suna yayyafi a kan tasa, idan tsabar ta kusa ƙarewa kuma kiɗan ya yi ta raguwa har ya mutu. Wanda yake da tsohon gurmi ko molo yana iya kwantar da shi a soro ya zuba gero a gefensa, ya bar wa tsuntsayen gari.

Muna da tantabaru da awaki da jaki. Akwai abin da za a yi da su?

Masu kiwon tantabara a birnin Beijin na ƙasar Sin sun daɗe suna ɗaura wa tsuntsayensu ƙananan usur na ɗan duma da gora a gindin wutsiya, marasa nauyi ƙwarai, idan garken ya tashi yana kewaya unguwa sai iska ta riƙa busa su, amon yana matsowa yana nisa. Ganin yawan masu tantabara a sorayen cikin birnin Kano, wannan abu ne da wani mai haƙuri zai iya gwadawa, da sharaɗin abin ya zama marar nauyi, ba ya hana tashi, kuma a cire shi da zarar tsuntsun ya nuna damuwa. Awaki sun fi sauƙi. A sa maƙeri ya ƙera 'yan ƙararrawa biyar ko shida waɗanda muryoyinsu suka dace da juna, a rataya wa kowace akuya ɗaya, a ɗauki fitarsu da safe da rububinsu a kan dusa. Duk wanda ya tsaya kusa da dawaki a Hawan Daushe ya san yadda kayan ado da kofato suke yin nasu kiɗan a ƙarƙashin algaita da tambari. Jaki kuwa abin lura ne domin yana fitar da sauti a jan numfashi da sakinsa duka, shi ya sa kukansa yake da murya biyu, siririya da kakkaura. Matsalarsa guda ce, ba ya kuka sai ka kashe na'ura.

Su dabbobin suna jin daɗin abin kuwa?

Bai kamata mu yi musu ƙarya ba. Yawancin kukan da muke kira waƙa kiran mace ne, ko gargaɗin abokin gaba, ko shelar iyaka. Kiɗanmu an gina shi ne a kan kunnenmu, wanda yake jin girgiza daga 20 zuwa kimanin 20,000 a sakan, da kuma saurin bugun zuciyarmu da tafiyarmu. Charles Snowdon na Jami'ar Wisconsin da makaɗi David Teie sun gwada kyanwoyi 47 a wani bincike da ya fito a 2015, suka ga sun fi kula kiɗan da aka tsara bisa muryar kyanwa da saurin gurnaninta a kan kiɗan mutane. Akwai kuma wani aku fari mai tukku da ake kira Snowball, wanda masana suka tabbatar a 2009 cewa yana bin bugun kiɗa da kansa da ƙafarsa, yana canzawa idan an canza sauri. Irinsa ba su da yawa. Maciji ma da ake ganin yana rausaya a gaban mai busa ba shi da kunne na waje, motsin mutumin da abin busar yake bi.

Mene ne bambancin wannan da wasan gardawa, kuma ina matsayin addini?

Gardi yana kama dabba, ya sa mata takunkumi ko sarƙa, ya kawo ta inda mutane suke. Mai wannan harka shi yake zuwa inda dabba take, ya bar ta a yadda ya same ta. Batun halaccin kayan kiɗa malamai sun yi saɓani a kansa tun da daɗewa, kowa ya tambayi malaminsa, ni ba mai ba da fatawa ba ne. Amma batun cutar da dabba babu duhu a cikinsa. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma an ruwaito hani ga kashe kwaɗo da tururuwa da ƙudan zuma. Don haka kada a ɗaure, kada a hana abinci don dabba ta yi kuka, kada a tsokane ta. Akwai wata cutarwa da ba a cika lura da ita ba, wato a riƙa kunna wa tsuntsu kukan irinsa ta lasifika a lokacin sheƙa. Zai ɗauka kishiya ce ta shigo masa, ya bar ƙwai ko 'ya'ya yana neman wanda ba ya nan. Sau ɗaya a taƙaice ya isa, barin sa gaba ɗaya ya fi.

Wane kaya zan saya?

Wayar hannunka ta isa a fara, tare da abin sa wa a kunne da manhajar gyaran sauti ta Audacity wadda kyauta ce a kwamfuta. Abu ɗaya da zan ce a nema shi ne ɗan faifan tagullan nan siriri da ake samu a cikin agogo mai ƙararrawa da makamantansa. Mai gyaran rediyo zai haɗa maka shi da waya, sai ya zama makirufo mai jin girgizar abin da aka manna shi a kai maimakon sautin iska. Da shi ake shiga duniyar da kunne ba ya kaiwa. A manna shi a jikin suri a ɗan ƙwanƙwasa, za a iya jin sojojin gara suna buga kawunansu a bangon ramukansu, wanda shi ne gangar yaƙinsu. A tura shi cikin mudun waken da ƙwari suka kama, irin wanda 'yan kasuwar Dawanau suke ƙyama, za a ji tsutsotsin suna ɓarza daga cikin ƙwaya kamar yayyafi a kan kwano, kuma da irin wannan sauraren masu binciken noma suke gane hatsin da ya kamu. A manna shi kusa da ɗakin da zanzaro yake ginawa a bangon zaure, a ji zizar da yake yi lokacin da yake shafa laka.

Ta yaya za a tsira daga ƙarar janareta da Adaidaita Sahu?

Ba a tsira gaba ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin ƙarfe biyu na dare da kiran assalatu, musamman daren da aka kawo wuta, domin a ranar maƙwabta suke kashe injinansu. A matsa kusa da dabbar maimakon a ƙara wa na'ura ƙarfi. Kafin a fita a irin wannan lokaci a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri, saboda mutumin da aka gani tsugune a bakin kwata da waya a cikin safa yana da dogon bayani a gabansa.

Zan iya zuwa Gidan Zu da kayan kiɗana?

Sai da izinin masu kula da wurin. Gidan namun dajin da ke ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, wuri ne mai kyau na saurare da sassafe kafin baƙi su cika shi, amma dabbar da ke cikin keji ba ta da inda za ta gudu idan ƙararka ta dame ta, don haka na fi son a je da na'ura kawai. Masu kawo misalin giwayen Lampang a arewacin Tailan, inda Richard Lair da Dave Soldier suka kafa ƙungiyar makaɗa ta giwaye a 2000, su tuna cewa giwayen can sun tashi a hannun mutane ne, kowace da mai kula da ita, kuma kayan kiɗan an ƙera su ne daidai ƙarfinsu. Wani ɓangare na maganar giwa ma ba ma jin sa, domin yana ƙasa da girgiza 20 a sakan, abin da mai bincike Katy Payne ta gano a 1984 bayan ta ji iska tana rawa a kusa da su a wani gidan namun daji a Amurka.

Idan faifan ya yi kasuwa, wa ke da haƙƙin mallaka, ni ko gyaren?

Kai ne, tun da kai ka ɗauka ka tsara. An taɓa kai irin wannan magana kotu a Amurka a kan hoton da wani biri ya ɗauki kansa da kyamarar wani mai hoto, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2018 cewa dokar haƙƙin mallaka ba ta ba dabba damar shigar da ƙara ba. Wanda ya kamata ka yi yarjejeniya da shi tun farko shi ne mai kajin ko mai tantabarun, da makaɗin da ya kwana da kai a bakin kududdufi, haka kuma duk mutumin da muryarsa ta shiga ɗaukar daga bayan katanga, ko dai ka nemi yardarsa ko ka yanke wurin.